Cijewar alƙalami wajen marubucin hausa a Nijar: sharhi a kan dalilai da magani

1. Gabatarwa

Abin da Faransawa ke kira « angoisse de la page blanche », mu a nan za mu kira shi cijewar alƙalami: mutum yana da abin faɗi, ga takarda a gabansa, amma kalma ta ƙi fitowa. Batun ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da hukumomin Nijar suka mai da hausa harshen ƙasa, suka bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen ƙasa kuwa sai da masu rubuta shi. A wannan ɗan nazari za mu auna dalilai biyu da ake bayarwa game da wannan matsala, da magani ɗaya da aka fi yaɗawa.

2. « Hausa ba ta da kalmomi »

Wannan shi ne kukan da aka fi ji a bakin waɗanda suka yi lakkol da faransanci. Mu duba misali:

(1) la mise en œuvre de la politique de scolarisation des filles
(2) yadda za a bi a sa ƴan mata lakkol

A (1) sunaye huɗu ne a jere, ba aikatau ko ɗaya. Mai neman kwatankwacin kowane suna, ɗaya bayan ɗaya, zai tsaya tun a « mise en œuvre », ya ce hausa ta gaza. A (2) an ɗora ma'anar a kan aikatau, « bi » da « sa », jimla ta tafi. Ke nan ba kalma ce ta ɓace ba. Ginin jimlar faransanci ne aka nemi cusa wa hausa. Ƙamus, ko da Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini (1987) ne, ba ya warkar da wannan, don aikinsa kalma, ba ginin jimla ba.

3. Mai gyara da ke cikin kai

Dalili na biyu ya fi ƙarfi. Mike Rose (1984), da ya yi nazarin ɗalibai a Amurka, ya nuna cewa masu cijewa sukan riƙe ƙa'idodi da tsanani, su kama gyaran jimla tun ba su gama ta ba. Wannan bayani ya dace da mu, amma bai ƙare ba, domin marubucinmu masu gyara uku ne a kansa. Na farko mushen lakkol ne, da diktensa da jan bik. Na biyu ƙa'idar rubutu: an yi taron Bamako a 1966, da na Yamai a 1980, an kafa dokar rubutun hausa a 1999, amma in ban da waɗanda suka bi makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, kaɗan ne aka koya wa ita a aji. Na uku kuwa kari ne: mutumin Tawa yana cewa « shina », littafin Kano ya ce « yana », a nan ana rubuta ƴ, a Najeriya 'y. Abin da Labov (1966) ya kira rashin natsuwa da harshen kai shi ne wannan. Wanda bai taɓa inda-inda a kasuwa ba, sai ya kasa layi ɗaya a kaye.

4. Maganin Elbow da iyakarsa

Peter Elbow (1973) ya ba da shawarar a yi minti goma ana rubutu ba tsayawa, ba gyara. Tushen shawarar daidai ne: a raba lokacin ƙirƙira da lokacin gyara. Sai dai ta ɗauka cewa hannu ya riga ya saba da harshen da baki ke magana. A wurinmu ba haka ba ne. In aka ce ma ɗalibi ya yi sauri, harshen da hannunsa ya sani ne zai fito, wato faransanci, ko hausa mai ƙashin faransanci.

Saboda haka muna ganin a fara da baki. Marubuci ya yi bayanin abin da yake nufi kamar yana gaya wa kawunsa da bai yi lakkol ba, ya ɗauki muryar a waya. Sa'an nan ya kwafe ta yadda ta fito, da karinsa. Daga baya ya tsara. Ƙa'idar rubutu ita ce ta ƙarshe. Hanyar ba baƙuwa ba ce: da ita ake ɗaukar adabin baka a cibiyar CELHTO ta Yamai. Bambancin kawai, a nan mai ba da labari da mai kwafa mutum ɗaya ne.

Hanyar tana da nata aibi. Magana tana son maimaici, kuma ba ta san sakin layi ba. Wanda ya tsaya a kwafa bai yi rubutu ba tukuna.

5. Kammalawa

Cijewar alƙalami a wurinmu ba talaucin hausa ba ce, ba kuma lalaci ba ce. Sakamakon karatu ne da ya raba baki da hannu. Muna ba malamai shawarar su daina sa jan bik a daftarin farko na ɗalibi, su ajiye shi sai na uku.