Suna da Fuska a Kasuwa: Nazari Kan Kayan da Fim Ke Haifarwa

Duk wanda ya sauka daga titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ya ratsa Tudun Wada ya nufi Doguwa, zai yi ta cin karo da fuskokin 'yan fim: a bangon shagon aski, a ƙyauren mai cajin waya, a jikin babur. Haka abin yake a Kiru da Tiga ta ƙasar Bebeji. Hotunan nan suna jawo ciniki, amma da wuya mai fuskar ko mai fim ɗin ya ga ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A da akwai tsari. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ta ginu a kan kwalin kaset. Furodusa ne ke buga kwalin mai ɗauke da hotunan jarumai, ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su naɗi fim ɗin a kaset su zura a ciki. Yawan kwalin da aka saya, yawan abin da ya shiga aljihunsa. Kwalin nan shi ne lasisi, ko da ba a kira shi haka ba. Da tura fim a waya ya kashe kaset da faifai, sai lasisin ya bi su, hoton ya zama na kowa.

A Amurka an ɗauki wata hanya, kuma na'urar wasan pinball misali ce mai kyau. Tebur ne karkatacce mai murfin gilashi, ƙwallon ƙarfe na gangarowa a cikinsa, mai wasa yana maido ta sama da 'yan sanduna biyu. A 1975 kamfanin Bally na Chicago ya fitar da Wizard!, wadda aka gina kan fim ɗin Tommy, daga nan sayen izinin fim ya zama al'adar sana'ar. A 1992 aka kai ƙololuwa da The Addams Family, wadda Pat Lawlor ya tsara. An sayar da fiye da 20,000, adadin da babu wata irinta ta zamani da ta kamo.

Sirrin nasarar yana bayan fage. Ba hoto kawai aka manna ba. Raul Julia da Anjelica Huston, jaruman fim ɗin na 1991, sun shiga ɗakin ɗaukar murya sun yi maganganu domin na'urar. Hannun nan marar gangar jiki da ke yawo a fim ɗin kuwa, an ƙera shi a cikin akwati: murfi ya buɗe, hannun ya leƙo, ya ɗauke ƙwallon da maganaɗisu, ya koma ciki. Wato an mayar da labarin abin da yatsu za su taɓa. Mai fim ya karɓi kuɗinsa, maƙeri ya sami sunan da zai sayar.

Abu biyu ke nan suka yi mana ƙaranci: yarjejeniya a rubuce, da ƙirƙirar da ta wuce manna hoto. Basira kam akwai ta. Yaron da ya iya haɗa mota da karan dawa a ƙauyen Doguwa, da kafintan da ke gyaran teburin sunuka, da matashin da ke rubuta manhajar waya a Kano, duk za su iya fitar da wasa daga shirin Daɗin Kowa ko na Labarina, mai ɗauke da muryoyin jaruman da ainihin rikicin labarin. Doka ma ba ta bar mu a baya ba, domin an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya a 2023.

Abin da ya rage shi ne furodusoshi da ƙungiyarsu ta MOPPAN su yanka wa izini farashin da ƙaramin mai sana'a zai iya biya. Idan izini ya yi sauƙi, mai buga sitika zai gwammace ya saya da ya sata, kuma fim zai ci gaba da ciyar da masu shi shekaru bayan an gama haska shi.