Kyauta a Waya, Zumunta a Ƙafa

Tun daga ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce akwai wata kalma da take yi mini kai-komo a kunne har ta hana ni sakat, kuma na tabbata duk mai 'ya'ya ko ƙanne a wannan zamani ya sha jin ta, watau abin nan da samarinmu suke faɗa idan sun kira babba a waya, tun ba su tambayi lafiyarsa ba balle su yi masa barka da shan ruwa: "Ka ga alat?" Ita ce sallamarsu, ita ce gaisuwarsu, da an ce musu an gani kuwa sai su katse waya, suna ganin sun sauke nauyin zumunci na shekara guda.

A ranar Sallar na je gaida gwaggona, tsohuwa ce wadda ta haura shekara tamanin, na tarar ta sa an share tsakar gida tun da hantsi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, an rufe tuwo da miyar taushe a kwano an ajiye gefe, duk domin wani jikanta da yake aiki a cikin garin nan, wanda tsakanin gidansa da nata bai fi tafiyar rabin sa'a a Keke Napep ba. Muna zaune har la'asar ta yi sakaliya, sai wayarta, wadda take ɗaure a haɓar zane, ta yi ƙara. Ta kwance ta miƙo mini, domin ita karatun allo ta yi, ba ta karanta boko, ta ce, "Duba mini, ɗan nan." Na ce mata, "Gwaggo, maigidanki ne ya turo miki goron Sallah, Naira dubu hamsin." Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "To, shi yana ina?" Da ta ga ba ni da amsa, sai ta sa masa albarka kamar yadda ta saba, ta kira wata yarinya ta ce a ɗauke kwanon a kai wa almajirai kafin tuwon ya huce.

Wannan tambaya tata ita ce dukan ƙorafina. Kuɗin sun iso, babu ragi ko kwabo, amma mai kyautar bai iso ba, alhali kuwa abin da tsohuwar ta wuni tana jira shi ne ta ga ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ta tsokane shi da cewa mijin nata ya yi rowa bana, ya rantse bai yi ba, a yi dariya, sa'an nan ya zaro abin da ya kawo ya sa mata a hannu.

Kakanninmu ba su taɓa miƙa kyauta tsirara ba. Goro a ganye ake naɗe shi a yayyafa masa ruwa, abinci a rufe shi da faifai, turmin atamfa a sa shi a akwati ko a ƙunshe a mayafi, kuma kwanon da maƙwabciya ta aiko da shi ranar Sallah ba ya komawa gida wayam. Alhaji idan ya sauka daga Makka, dabino ƙwaya bakwai da ɗan kurɓin zamzam da tasbaha sun ishe shi ya faranta ran mutum, domin wanda aka ba ya san an tuna da shi a gaban Ɗakin Allah. Sa'an nan ga tukwici, wanda a ganina babu wata al'ada tamu da ta fi shi hikima, domin yaron da aka aika da kyauta yakan koyi sallama, da durƙuso, da isar da saƙo yadda aka faɗa masa ba ƙari ba ragi, ya dawo da 'yan kuɗinsa a aljihu yana murna, ta haka kyauta guda ta faranta ran mutum uku. Hausawa suka ce yaba kyauta tukwici. To, yanzu wa za a ba tukwicin, banki ko kamfanin waya?

Wanda ya zauna gaban malami ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai da hauzi, watau sai abin ya shiga hannun wanda aka ba. Ba na jayayya cewa kuɗin da suka faɗa asusun mutum sun shiga mulkinsa, wannan a sarari yake. Amma akwai hauzin da shari'a take nema domin a yanke husuma tsakanin magada, akwai kuma wanda muruwwa take nema domin zuciya ta natsu, kuma hadisin da Imamu Buhari ya kawo a cikin Al-Adabul Mufrad, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta, ya bayyana cewa ƙauna ce ake nufin ta tsiro daga gare ta. Ƙauna kuwa tana son fuska, tana son murya da musafaha, kuma saƙon banki mai lambobi da kwanan wata ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu.

Na yarda, ko da ba da son raina ba, cewa waya ta yi mana rana. Wanda yake Legas ko Fatakwal ko Jidda ba shi da wata hanya da ta fi ta, kuma ba mu manta farkon shekarar 2023 ba, lokacin da tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1000, mutane suka wuni a layin banki da rumfunan masu POS, har ya zama ba don taransifa ba da gidaje da yawa ba su ɗora tukunya ba. Sadakar da ake son ɓoyewa ma waya ta dace da ita. Amma wanda yake unguwa ɗaya da mahaifiyarsa, mene ne uzurinsa?

Abin da ya sanyaya mini rai, har ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne abin da na gani bayan kwana biyu a gidan dai, daga wata jikar tsohuwar, malamar asibiti, wadda ita ma albashinta a waya yake shigowa kamar na kowa. Da safe ta aiko ƙaninta ɗan shekara tara da ƙaramin kwano rufe da faifai, a ciki akwai goro fari guda biyar da kwalbar turare da 'yar takarda wadda ta sa wani malamin unguwa ya rubuta mata da ajami cewa sauran saƙon yana tafe da yamma. Tsohuwa ta karanta da kanta, tana bin haruffan da yatsa, ta ba yaron tukwicin Naira ɗari biyu. Da yamma sai ga yarinyar ta zo, ta durƙusa ta gaishe ta, suka taɓa wasan kishiyoyi irin na kaka da jika, sa'an nan ta ce, "Hajiya, riƙe wayarki da kyau." Ta danna tata, wayar tsohuwa ta yi ƙara a tafin hannunta, ita kuwa ta kama dariya tana cewa, "Kai, kishiyar nan tawa da dabara take!" Kuɗin ba su kai rabin na ɗan'uwanta ba, amma har yau duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa takardar ajamin, wadda take ajiye a cikin gafakar Alƙur'aninta.

Ashe dai abin ba shi da wuya ga wanda ya yi niyya. Wanda ya saya wa mahaifinsa wutar lantarki ta mita mai kati, maimakon ya tura masa lambobi ashirin ɗin nan ya bar dattijo yana laluben madannai da tabarau, ya je da kansa ya shigar da su, ya tsaya har fanka ta juya, su sha shayi tare. Wanda ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Umra, ya buga takardar tikitin ya naɗe ta cikin sabuwar darduma, ya shimfiɗa mata ya bar ta ta gano da kanta. Wanda ya tara wa kawunsa karatun Alƙur'ani da tafsiri a ɗan katin memori, wanda bai kai farce girma ba, ya je wurin dukawa su ɗinka masa 'yar jakar fata, ya sa a ciki, ya kuma zauna ya nuna masa yadda ake kunnawa. Ɗalibar da aka saya wa data ko aka biya mata kuɗin makaranta, a sayo mata littafin rubutu da biro, a rubuta albishir ɗin da addu'a a shafin farko. Gudummawar biki ko ta suna kuwa, ko da ta waya za ta bi, a tafi da ambulan ɗauke da sunan mai bayarwa da ɗan sabulu ko turare, domin uwar biki ta sami abin da za ta nuna wa dangi, ta kuma san wanda za ta rama wa ran nasa bikin.

Ko a farkon zuwan wayar salula, wajen shekarar 2001, da katin waya ya zama abin kyauta, saurayi yakan sayo katin ya kai da hannunsa, a kankare a gabansa, a yi godiya ido da ido. Cikin shekara ashirin da 'yan kai muka sauko daga nan zuwa "ka ga alat?", kuma ina tsoron kada yaran da ake haifa yanzu su tashi ba su taɓa ɗaukar kwano rufe da faifai zuwa gidan kowa ba, su ɗauka cewa zumunci lamba goma ce ta asusun banki.

Saboda haka ina roƙon samarinmu da 'yan matanmu, waɗanda na san Allah ya hore musu zuciyar alheri, domin marowaci ba ya tura dubu hamsin, da su ci gaba da turawa, Allah ya ƙara buɗi, amma su bi kuɗin da ƙafarsu, su riƙe ko da goro ɗaya ne a hannu. Zumunta a ƙafa take, kuma tsofaffin nan da suke share tsakar gida suna rufe tuwo domin jiran mu ba za su dawwama suna jira ba.