Kunnen da ke Bambance Ƙusa da Nakiya

A iyakar Kambodiya da Tailan akwai wani dogon zirin ƙasa da ake kira K5, inda aka binne nakiyoyi rututu a shekarun 1980. Masu haƙo su sun daɗe suna dogaro da na'urar gano ƙarfe, ita kuwa ba ta raba ƙusa da nakiya. Murfin kwalba, kwanson harsashi, guntun waya, duk kuka ɗaya take yi musu. Kowane kuka kuma sai mutum ya durƙusa ya tona ta gefe, sannu a hankali, don ba a yi wa nakiya garaje. Haka za a wuni ana tonon tarkace.

Rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ta rage wannan wahala. Igiyar rediyo take aikawa cikin ƙasa. In ta tarar da abin da ya bambanta da ƙasar wurin, sai amsa ta dawo. Ba ruwanta da ko ƙarfe ne ko roba, jiki take nema. A na'urar HSTAMIDS, wadda aka ƙera wa sojojin Amurka, ƙungiyar haƙo nakiyoyi ta HALO Trust kuma ta fara aiki da ita a Kambodiya a 2006, an haɗa radar da na'urar gano ƙarfe a sanda ɗaya. Ƙarfe ba jiki, tarkace ne. Ƙarfe cikin jiki mai faɗin tafin hannu, to a kula.

Amma ni mai riƙe da sandar ne yake burge ni. Kafin ya shiga layinsa mai faɗin mita ɗaya, sai ya saita na'urar da ƙasar wurin. Sannan ya riƙa shara da ita dab da ƙasa, ba ta taɓa ba, ba ta yi sama ba, kowace shara tana hawa kan wadda ta gabata. Saiwar itace na amsawa, dutse na amsawa, ramin ɓera ma haka. Jiƙaƙƙen yumɓu kuwa shanye igiyar yake yi. Dukansu da kunne yake tantance su, kamar mai ƙwanƙwasa tulu a kasuwa ya ji ko da tsaguwa, alhali rana na dukansa, zufa na bin garkuwar fuskarsa.

A Japan, Farfesa Motoyuki Sato na Jami'ar Tohoku ya ƙera wata na'urar mai suna ALIS, mai zana siffar abin da ke binne a kan allo. Da ita ma, ma'aikacin ne ke duba hoton ya yanke hukunci kafin a sa hannu a ƙasa.