Takarda Tana Nan, Kari Fa?

A shekarar 1952 aka kafa RISM a birnin Paris. Aikinta shi ne bin ɗakunan ajiyar littattafai, coci-coci da tsofaffin gidajen sarauta, tana rubuta kowace takardar kiɗa da ke ciki: wa ya tsara, wa ya kwafa, ina take kwance yau. Cibiyar aikin tana Frankfurt a Jamus. Tun 2010 katalog ɗin yana intanet kyauta, abin da ke ciki ya haura miliyan ɗaya, galibi rubutun hannu na bayan 1600.

Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne dabarar mafari. Ga kowane kiɗa ana shigar da sautukansa na farko cikin alamomin da kwamfuta ke ganewa. Takarda ko ba ta da sunan mai ita, sai a gwada mafarinta da na sauran, a tarar da ƴar uwarta a wata ƙasa ɗauke da suna. Kuma kar a raina rajista. Takardun kiɗa sama da 5,000 na Sing-Akademie ta Berlin, har da na C.P.E. Bach, sun ɓata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1999 Christoph Wolff ya gano su a Kiev. Suna ajiye lafiya lau, amma duniya ba ta da labari, kamar kuɗin da aka binne aka manta wurin.

To, ga inda nake da ja. Komar RISM an saƙa ta ne don kifi iri ɗaya, wato kiɗan da aka rubuta sautinsa. Gaskiya sun leƙa waje, don a 1979 sun buga kundin Amnon Shiloah kan rubuce-rubucen Larabci game da ilimin kiɗa. Amma wannan magana ce a kan kiɗa. Takardar da aka rubuta don a rera, alhali ba ta ɗauke da alamar sauti ko ɗaya, galibi ta cikin ramukan komar take zurarewa.

Irin wannan takarda kuwa ita ce tamu. A IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai akwai dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, tarin da Boubou Hama ya aza harsashinsa. Katalog na irin waɗannan takardu yakan ba ka marubuci, magwafi, yawan warƙoƙi, salon rubutu, farkon nassi da ƙarshensa. Madalla. Sai dai waƙar ajami ba a yi ta don ido ba. Ka tuna yadda makafi ke rera Infiraji ta Aliyu Namangi, ko yadda ake jan Ishiriniya daren Maulidi, kari ya sha bamban daga wannan zawiya zuwa waccan. Ma'aunin baiti, Basiɗi ne ko Kamil, mai ilimin aruli zai fitar da shi daga takarda. Karin da ake rerawa kuwa yana maƙogwaron tsohuwa a Damagaram ko na wani malami a Tawa, kuma idan suka rasu ba shafin da zai nuna an yi asara, tunda tun farko ba a buɗa masa layi ba.

Wasu za su ce wannan aikin masu ɗaukar murya ne, ba na masu takardu ba. Nan ne ma matsalar take, ƴan uwa. CELHTO, mai tattara al'adun baka, a Yamai ɗin take ita ma, amma an saba ɗaukar kaset da takarda kamar ba dangi ba ne. Abin da ya kamata a ara daga RISM shi ne tunanin mafari: kowace waƙa a rajista a ƙara mata layi, ana rera ta ko an daina, a wane gari, da lambar muryar da aka ɗauka ta baiti biyun farko. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa wannan ɗauka, in ya je hutu gida.