Yadda ake tare mai ruga da ƙwallo

Yaran da ke buga tamaula a Abakpa Nike sun san Rangers ta Enugu, amma da wuya ka samu wanda zai ambaci Christian Okoye. Alhali a garin Enugu aka haife shi a 1961. Jifan faifai ne ya kai shi jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya, a can ya koyi ƙwallon Amurka yana babban saurayi, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. A 1989 ya ruga yadi 1,480 da ƙwallo a hannu, babu wanda ya kai shi a gasar NFL ta shekarar. A lokacin mutum ne mai nauyin sama da kilo 110, ga gudu. Duk kocin da zai kara da shi tambaya ɗaya ce ke hana shi barci: ta ina za a tare wannan?

Tambayar ce dai ke gaban mai horar da yara 'yan shekara goma zuwa sha biyu, kuma aikinsa ya fi burge ni.

A wasan, kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma, ko dai su jefa ta, ko wani ya rungume ta ya kutsa. Hannun yaro bai yi ƙwarin jifa mai nisa ba, don haka yawancin wasan yara kutse ne. Kocin da ya gane haka sai ya tara mutum takwas kusa da layin abokan gaba, ya bar uku kacal a baya. Sauran aikin shi ne yadda zai jera takwas ɗin.

Tsakanin kowane mutum biyu na layin abokan gaba akwai ƙofa. Wadda ke gefen mai miƙa ƙwallo, wato na tsakiyar layin, ita ce A, ta gaba B, sai C, a hagu da dama. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, shi ya sa gwanin koci ke ba kowane yaro ƙofa guda ya ce masa: wannan taka ce, ko da ka ga ƙwallo ta yi wani wajen. Faɗin hakan da sauƙi. Sa ɗan shekara goma ya tsaya a inda aka ajiye shi alhali idonsa na kan ƙwallo, nan ne ake gane wanda ya iya.

Tsarin 6-2 na jera shida a gaba, biyu a bayansu. Kusan kowace ƙofa da mai gadinta, umarni kaɗan ne, yaro ba ya ruɗewa. Yana da wani alheri da nake ƙauna. Gasar yara ta Pop Warner, wadda aka kafa a Filadelfiya a 1929, ta wajabta a sa kowane yaro a wasa. A 6-2 ana iya sa marar gudu a tsakiya, a ce ya sunkuya ya toshe ƙofarsa, kuma ya yi wa ƙungiya aiki na gaske. Illarsa ita ce idan mai ruga ya ɓalle ta layin farko, biyu ne kawai ke jiransa kafin 'yan baya.

Tsarin 5-3, mai jera biyar a gaba da uku a bayansu, na buƙatar yaro guda mai ƙarfi da zai tsaya ƙiri-ƙiri gaban mai miƙa ƙwallo, ya tilasta mutum biyu su taru a kansa. Idan aka samu haka, na tsakiya cikin ukun da ke bayan layin farko ya samu sarari, kuma nan ake ajiye wanda ya fi kowa iya kayarwa. Shi kuwa 4-4 sai kana da yara huɗu masu saurin ƙafa da saurin fahimta da za su tsaya bayan huɗun gaba, abin da ba kowace ƙungiya ke samu ba. Akwai masu sha'awar tsarin 46 da Buddy Ryan ya yi suna da shi a Chicago Bears, ƙungiyar da ta ci wasa 15 cikin 16 a 1985. A ganina ɗora wa yara shi zalunci ne, ƙwararru aka ɗinka wa shi.

Amma fa ba ta tsakiya yara suka fi shan kashi ba. Ta gefe ne, inda ake ba yaro mafi gudu ƙwallo ya zagaye kowa. Saboda haka koci mai lura ba ya sa ƙato a bakin layi, mai natsuwa yake sawa. Aikinsa kada wani ya wuce ta wajensa, ya koro mai ruga ciki inda 'yan'uwansa suke. Sau da yawa ba shi ke kayarwa ba, 'yan kallo ma ba sa lura da shi, kocinsa ne kaɗai ya san abin da ya yi.

Kafin duk wannan akwai darasin da ba a ɗagawa: kai a sama, kafaɗa ce ke haɗuwa da jiki, hannuwa su naɗe cinyoyi. Yaron da har yanzu yake sunkuyar da kai wajen karo, ba a sa shi a kowane tsari sai ya daina.