Fim ɗin *Occupy Unmasked* a Ma'aunin Mazauna Agege

A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi za mu duba fim ɗin *Occupy Unmasked*, wanda Stephen Bannon ya shirya a 2012 domin sukar zanga-zangar ƙin jinin jari-hujja da ta ɓarke a birnin New York na Amurka a watan Satumba na 2011. Jigon fim ɗin guda ne, wato masu zanga-zangar 'yan amshin shata ne, akwai masu kaɗa musu ganga a bayan fage. Domin warware wannan jigo, sai aka tsinto hotunan ƙazanta da tarzoma aka jera, mai jawabi Andrew Breitbart yana fassara wa mai kallo abin da ya gani. Wannan salo ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin haka majigin Turawan mulkin mallaka yake, hoto na tafiya, mai sharhi na yanke hukunci.

Irin wannan zargi mun ji shi a gida. A ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnati ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka yi cincirindo a dandalin Gani Fawehinmi da ke Ojota a Legas. Daga baya Shugaba Jonathan ya ce ɗaukar nauyin taron aka yi, yana kafa hujja da abinci da mawaƙan da aka kawo. Fim ɗin Ishaya Bako, *Fuelling Poverty*, wanda ya bi sawun kuɗin tallafin, shi kuma hukumar tace finafinai ta haramta nuna shi a 2013.

Ba muna cewa zanga-zanga ta fi ƙarfin suka ba ne. A ganinmu sukar da ke da nauyi tana Agege, wurin ɗan garuwa da ɗan acaɓa da mahaucin Oko-Oba, waɗanda sai sun fita suke ci. Tsadar mai ta ƙone su, yajin aikin da aka fara ranar 9 ga Janairu ya tsayar musu da nema na mako guda, sannan aka sasanta a kan naira 97 ba da shawararsu ba. Mai salo irin na Bannon ba zai iya ɗaukar wannan ba, saboda sai ya fara yarda cewa kukan na gaskiya ne kafin ya tambayi wanda ya biya kuɗinsa.