Gwanintar da ke gaban jifa

Ƙwallon ƙarfen da maza ke jefawa a gasa nauyinta kilo 7.26 ne, ta mata kuma kilo 4. Da'irar da mai jifa ke tsayawa a ciki faɗinta mita 2.135 ne kacal. Daga irin wannan ɗan wuri Ryan Crouser na Amurka ya cilla ta mita 23.56 a Los Angeles a 2023, ya kafa tarihin duniya. Kafin ƙiftawa da bismillah an gama jifan. Abin da ya fi burge ni shi ne shirin da ake yi a bayan fage.

Da farko sassarfa ce da juya ƙugu da kafaɗu har gumi ya tsattsafo, domin tsoka mai ɗumi ta fi saurin amsa kira. Wannan kowa ya sani. Gwanintar tana gaba: mai jifa ya saɓa ƙarfe mai nauyi ya tsuguna ya miƙe sau biyu ko uku, ko ya jefa ƙwallon da ta fi ta gasa nauyi. Nauyin kan tilasta wa jijiyoyi su tashi zaren tsoka masu yawa a lokaci guda, kuma wannan farkawa takan daɗe 'yan mintuna. Wanda ya taɓa sauke buhun gero ya ɗauki ƙwarya ya san yadda hannu ke yi.

Sai dai nauyin da ya farkar da tsoka shi ne kuma ke gajiyar da ita. Sa'ar da aka ci, gajiyar takan riga farkawar gushewa. Gwani yakan huta 'yan mintuna, ya yi jifa a tsakani. In ya yi gaggawa, jiki bai warware ba. In ya yi jinkiri, ya huce. Kowa da nasa ma'aunin, kuma sai da gwaji a wurin atisaye ake gano shi. A babbar gasa ma jiran layi kan ɓata lissafi, shi ya sa za ka ga ƙato sanye da rigar sanyi yana 'yan tsalle-tsalle a gefe.

Dabarar ta fi karɓar wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe. Sabon shiga gajiya kawai zai kwasa. Malaman wasanni a makarantu, ku bar yara kan sassarfa, tsalle da jifa marar nauyi har jikinsu ya yi ƙwari.